Ƙaryar da Baba Ya Shirga wa Marigayiya

Tun da Mama ta rasu, Auta ta naɗa kanta mai gadin zuciyar Baba. A waya ta karanta cewa ambaton mamaci fama miki ne, kuma abin da waya ta faɗa ba a ja da shi. Ta sauke hoton Mama daga bango, ta bar ƙusar. Ko fim za a kalla sai ta ce, "Baba, akwai asibiti a ciki, za ka iya?" Baƙo kuwa a bakin ƙofa take tare shi da raɗa: "Don Allah, ban da zancen Mama."

Baba yana ji daga kujerarsa. Gwiwa ce ta lalace masa, ba kunne ba.

Baƙi su zauna su yi ta zancen tsadar mai da ciwon baya. Da ya ce, "Ai ita ma takan ce..." sai a miƙo masa ruwa. Ya sha har ya gaji da zuwa bayi. Matar da ake jin muryarta tun daga bakin titi, yau a falonta ba mai ambatonta. Shi abin da ke hana shi sukuni ke nan: an binne ta sau ɗaya, ana neman sakewa.

Ranar da Inna Ƙarama, ƙanwar Mama, ta zo, ita ma ta sha huɗubar ƙofa. Ta zauna ta haɗe hannuwa kamar mai jiran likita. Baba ya dubi ƙusar, ya yi ajiyar zuciya.

"Allah ya jiƙan yayarki. Mace mai shiru-shiru."

Inna Ƙarama ta yi tari. Auta ta zabura ɗauko ruwa.

"Duk zamanmu ba ta taɓa yi mini musu ba," in ji Baba. "In na ce fari, fari ne."

Inna Ƙarama ta ƙura wa silin ido, leɓenta na rawa.

"Ga haƙuri. Ko ƙuda ba ta iya kora."

"Wa? Yaya?" Bakin ya ƙwace mata. "Tsoho, ka ji tsoron Allah. Matar da ta biyo ka har titi da takalmi don ka ce gishirinta ya yi yawa?"

"Ban tuna ba."

"Maƙwabta sun tuna. Mai gyaran famfo ma da ya ji muryarta ta katanga ya fita, ya bar kayan aikinsa."

Baba ya fashe da dariya, hawaye na bin gemunsa. Ba abin da ya share. Auta ta dawo ta tsaya da kofi a hannu, tana harar innarta.

"Inna, me na roƙe ki a ƙofa?"

"Ubanki ya shirga ƙarya, 'yar nan. Gyara nake yi."

Auta ta dubi Baba, ta dubi ƙusar. Sannan ta ce a hankali, "Ba takalmi ba ne. Murfin tukunya ne. Ni na tsinto mata shi."

Muryarta ta karye. Baba ya karɓi kofin, ya miƙa mata.

"Sha ruwa," ya ce. "Kuma ga gargaɗi tun da wuri, kada ki ce ban faɗa ba: gobe ƙanin mamanki zai zo, zan ce ta iya tuƙi."