Guntuwar Bayan Rijiya

Ciwo ya shiga lambun mangwaro, 'ya'yan suna yin baƙi suna zubowa ɗanye. Bishiya arba'in, kowace da halinta: mai dogon ganye, mai zare, mai ƙwallo kamar tafin hannu, duk sun kamu. Guntuwar bayan rijiya ce kaɗai ciwon ya tsallake.

Malamar gona ta wuni tana awon ganye da ɓawo, sannan ta dafa Guntuwa.

"Baba, ɓawonta kauri gare shi, shi ya tsare ta. Ita za ta ba da iri. Yanko mana rassa a yi aure da ƙananan dashe."

Mai lambu ya dubi bishiyar. Marigayi yayansa ne ya shuka ta, kuma bai taɓa yarda wuƙa ta hau ta ba. Cewa marigayin yake yi, ba ta son a raba ta da nata.

"Yaya ma da akuya yake hira," in ji matarsa. "Yanka, Malam, ko mu ci ganye baɗi."

Ya yanki reshe sittin, ya tsaga dashen, ya ɗaure da leda, ya jera a rumfa. Sittin ɗin duka suka kama. Shekara talatin yana wannan aiki, bai taɓa ganin haka ba, kuma bai ji daɗi ba.

Da suka yi toho, sai ya ga duk sun karkata wajen rijiya, alhali rana ta ɗaya gefen take shigowa. Ya jujjuya ledojin da safe. Kafin azahar sun koma.

Malama ta kwashe arba'in a mota, ya ƙyale ta. Bayan mako biyu ta kira shi a waya da rana tsaka, yana ban ruwa.

"Baba, ta wace kusurwa lambunka yake? Dashen nan sun ƙi miƙewa, duk gefe guda suke kallo."

Ya ajiye bokiti ya zagaya bayan rijiya. Ƙasa ta dare a gindin Guntuwa, saiwa ta fito waje.

"Maido su yau, 'yar nan."

"Ai na rarraba wa manoma. Gari huɗu."

Mai lambu ya ɗora hannu a kan kututturen. Tsaga huɗu ya ƙirga, kowace da inda ta nufa. Babu iska ko kaɗan, amma a ƙarƙashin tafinsa itacen na yin ƙara a hankali, yana ci gaba da buɗewa.