Ban Gama Zaɓe Ba

Mu goma ne, kuma ran Lahadi muke haɗuwa, bayan kowa ya ci na rana ya wanke kwanonsa. Haɗuwar ta murya ce, kowa yana gidansa gaban kwamfutarsa da abin magana a kunne, duk da in ka leƙa ta tagar ɗakina a nan Hanstholm kana hango rufin gidajen mutum uku daga cikinmu. Wasan na harbe-harbe ne, biyar da biyar. Ba kyauta ake ci ba, sai dai tsiyar da za a yi wa juna ran Litinin a bakin tashar jiragen kamun kifi.

Bodil ce mai ɗakin hirar. A gidan kula da tsofaffi take aiki, shi ya sa ta iya da mu. Ita ke jefa kwabo kusa da abin maganarta don kowa ya ji faɗuwarsa. Kyaftin biyu ne. Wanda kwabo ya faɗo wa shi ke fara ɗaukar mutum ɗaya, ɗayan ya ɗauki biyu, a dawo biyu, a koma biyu. Sai ya rage mutum ɗaya, kuma na wanda ya fara ne. Shi wannan ba a kiran sunansa. Bodil ta ja sunan a allo ta ajiye ƙarƙashin kyaftin, ta ce, "To, a rabu." Shi ke nan.

Tun da ya shigo cikinmu, Kawu Ejnar ne ke ragewa.

Yayan mahaifiyata ne, amma kowa Kawu yake ce masa. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a teku, sanyi ya tanƙwara masa yatsu. Da ya bar jirgi ya rasa inda zai sa kansa, ni na haɗa masa kwamfutar. Da yatsa biyu yake wasa. Ba ya gudu, ba ya tsalle. Ƙofa ɗaya yake samu ya tsaya a bayanta yana jira, kamar mai gadin sito.

Bara, ranar da ya ƙara shekara, Bodil ta zama kyaftin, ta buɗe baki ta kira shi na farko. Da kyakkyawar niyya ta yi. Kawu ya ce, "Bodil, ni ba ɗaya daga cikin tsofaffinki ba ne," ya kashe kwamfutarsa. Mun daɗe ba mu ji muryarsa ba, sai da ta tafi har gida ta ba shi haƙuri. Daga nan ba wanda ya sake gwadawa.

Sai ga abin da Gorm ya yi. Gorm yana tuƙa motar ɗaga akwatuna a kasuwar gwanjon kifi, ba mugu ba ne, bakinsa ne ke riga tunaninsa isowa. Kwabo ya faɗo masa, maimakon ya ɗauke Solvej, wadda duk cikinmu ba mai hannunta, sai ya ce wa ɗaya kyaftin ɗin, "Fara kai, na bar maka." Ba a taɓa barin Solvej ba. Kowa ya gane lissafin: gara ya rasa ta da a ce wanda ya rage ya faɗo masa. Kawu ya buga wasansa, ya yi sallama.

Ran Laraba Mama ta aike ni in kai masa wainar kifi. Na same shi a kicin yana naɗe wayar abin maganarsa, a tsanake, irin naɗin igiyar jirgi.

"Kunkuru, ajiye nan," ya ce. Sunan da suka sa mini ke nan, don ba na sauri a komai. "Lahadin nan zan zo, kada ku rasa na goma babu shiri. Daga ita ku nemi wani. Ƙanin Gorm ya daɗe yana jiran gurbi."

"Saboda abin da Gorm ya yi ne, Kawu?"

"Gorm bai yi laifi ba. Ni ma ba na so in fita teku da wanda ba ya iya jan igiya." Ya ɗauki waina ɗaya ya duba ta, ya ce Mama ta sake cika albasa. Sai da ya cinye ya ƙara da cewa, "Sai dai mu a zamaninmu, ko mai wanke tukunya ne, kyaftin kan tako har ƙofar gidansu, ya faɗi sunansa da na uwarsa, ya ce wane, za ka fita da mu? Ba a ɗaukar mutum a ajiye a jirgi kamar akwatin ƙanƙara."

Ya juya maganar zuwa iskar da ake cewa tana tafe. Ni kuma ban iya ba da baki ba, na sha kofina na tafi.

Sauran kwanakin, ina tsaye a masana'anta ina fere kifi, ina juya abin. In na kira shi na farko, sadaka ce, zai kashe kwamfuta. In na kira shi a tsakiya, sadakar ce dai, an ɗan rufe ta da takarda, kuma Kawu ba yaro ba ne. In na bar shi, ya tafi. Har Lahadi ta zo ban samo komai ba. Abu ɗaya na sani, ba na so a ce wani ne zai riƙe zaɓen ranar.

Da Bodil ta ce, "Su wa ke kyaftin yau?" sai na ji bakina ya ce, "Ni."

"Kai!" in ji Gorm. "Kunkuru kyaftin? Bodil, ki kira wurin aiki ki ce gobe ba za ki samu zuwa ba."

"Tunda kana da baki, kai ne ɗayan," ta ce masa.

Kwabo ya yi ƙara a teburinta, ya faɗo mini. Na ɗauki Solvej. Gorm ya ɗauki biyunsa. Na tsaya ina kallon sunayen da suka rage, na Kawu yana ƙasa, har da ɗan hoton jirginsa a gefe. Na ɗauki biyun da kowa zai ɗauka a wurina. Gorm ya kwashe nasa biyun ba ko numfashi. Na ga sunan Kawu ya motsa a allo, Bodil ta kama shi za ta ja.

"Dakata, Bodil. Ban gama zaɓe ba."

"Asger, mutum ɗaya ne ya rage," ta ce, a hankali, irin muryar da take yi wa tsofaffinta.

"Na gani. Tunani nake yi."

Gorm ya fashe da dariya. "Jama'a ku ji mini! Suna ɗaya a allo, wai tunani yake yi!"

"Ku ƙyale shi," in ji Solvej. "Zaɓin da wuya."

Tunanin nake yi da gaske, don ban san yadda ake farawa ba. Na gyara zama. Na ce, "Ejnar Krogh. Asger ne, ɗan Tove. Ina da jirgi, saura mutum ɗaya. Za ka fita da mu?"

Dariyar ta ɗauke. Ba ka jin komai sai cokali yana zagaya kofi a kicin ɗin Kawu. Idona na kan ɗan koren haske da ke gefen sunansa, ina jira in ga ko zai mutu.

"To in ya ƙi fa?" Gorm ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Sai su buga su huɗu," in ji Bodil. Ta saki sunan, ya koma inda yake.

Cokalin ya tsaya.

"Wa da wa ke cikin jirgin?" in ji Kawu.

Na lissafa masa.

"Solvej ɗin na ji labarinta, an ce tana taɓawa. Wane ne kyaftin?"

"Ni ne, Kawu."

"Kash!"

Nan ɗakin ya ɓarke, har wani yana tari. Kawu ya bari suka lafa.

"Ina za ka ajiye ni?"

"Bayan ƙofa."

"Wacce? Ta hagun nan iska na shigowa."

"Ta dama, kusa da matattakala."

"Abinci fa?"

"Wainar kifi. Zan ce a rage albasa."

Ya ja numfashi kamar wanda aka matsa wa. "To. Amma na wannan fitar kawai. Bodil, rubuta ni."

Sun lallasa mu, gaskiya. Solvej ta yi iya yinta, amma ni kyaftin ne da kafin in ce a bi dama, an riga an kashe mu a hagu. Kawu ya tsare ƙofarsa. Mutum biyu ya harbe duk wasan, ɗaya Gorm, ɗaya ni, da na shigo ta bayansa ban yi magana ba. Ya ce laifina ne, mai hankali ba ya shiga ƙofar mutane babu sallama. Da aka tashi ya ce, "Sai wani jiƙon," ya fita. Bai ce zai dawo ba, bai ce ba zai dawo ba.

Ran Litinin na hango shi a bakin tasha yana kallon jirage. Mun yi maganar iska, wadda ba ta zo ba. Ban tambaye shi ba. Na san in na tambaya, dole ya tsaya kan abin da ya faɗa a kicin.

Lahadi ta zagayo, sunaye tara a allo. Muka zauna muna hirar banza, kowa yana yi kamar ba jira yake ba. Bodil ta ce, "Gorm, ƙanin naka yana kusa?"

"Yana nan," in ji Gorm. "Amma a ɗan ƙara jira mana. Saurin me ake yi?"

"Yau kuma kai ne Kunkurun?" in ji Solvej.

Ba ta rufe baki ba hoton jirgin ya bayyana, koren haske ya kama.

"Kofi nake dafawa," in ji Kawu. "Mutum ba zai dafa kofi ba?"

Gorm ya nemi kyaftin da kansa, kwabo ya faɗo masa, kuma wannan karon bai bar wa kowa ba, ya ce shi zai fara. Aka yi ɗaya, biyu, biyu, biyu. Sunan Kawu ya rage shi kaɗai. Bodil ba ta taɓa shi ba.

"Gorm," ta ce, "kai muke jira."

Gorm ya yi gyaran murya har sau biyu. "Kawu, za ka fita da mu?"

"Wa ke magana?"

"Haba Kawu, ka san ni mana."

"Ban ji suna ba."

"Gorm ne. Ɗan Birthe."

"Au, mai kayar da akwatunan mutane a kasuwa? Na ji labarinka." Muka ji ya jawo kujera ya zauna da kyau. "Kada ka gaggauta ni, yaro. Tunani nake yi."

Sai ƙarar kurɓar kofi. Muka zauna mu tara muna jiransa.