Na Allah a Gindin Rijiya

Rijiyar Kanambakashe ta rufta da hantsi, tsoho Na Allah yana can ƙasa yana yasa.

Mata suka watsar da tuluna, suka ɗora hannu a ka. Maza suka cika bakin rijiya, kowa na leƙe, ba mai tuɓe riga. Zurfinta gaba ashirin, kuma yashi bai daina zuba ba. Sai idanu suka koma kan Dauda, don shi kaɗai ya yi aikin haƙa a kudu, ya san yadda ake tokare yashi da itace.

Furera, matar Na Allah, ta cakumi wuyan rigarsa. "Mi kake jira? Kawunka ne fa! Ƙanen uwarka!"

"Yau kika tuna da haka, Inna?"

Shekara ashirin da biyu ke nan, a shekarar yunwa, kawun nan ya riƙe hannun Dauda ya kai shi kasuwar Tasawa, ya komo gida da dami huɗu na gero. Daga hannu zuwa hannu aka yi ta sayar da shi har Lakwaja, inda masu bin Almasihu suka fanshe shi, suka yi masa baftisma. Wata biyar da dawowarsa, abin da kawun ya iya ce masa kawai shi ne, "Ka yi ƙiba."

Dauda ya fizge rigarsa, ya durƙusa a kan yashi, ya rufe ido.

"Ga ta nan, sallar bebaye!" in ji Gidaɗo mai shanu. "Ba alwala, ba alƙibla, ba kabbara. Mutum na mutuwa, shi yana kwana a durƙushe!"

Dauda bai kula shi ba. Shiru yake nema a cikin ransa, ko na numfashi uku ne, amma ina! Ga igiyar da ta ci masa wuyan hannu. Ga kawu yana ɗaga damin gero yana jin nauyinsa, ko waiwaye bai yi ba. Ga uwarsa da ta mutu tana tambayar fatake labarinsa. Ya kore su, suka dawo da ƙarfi. Can kuma wata murya mai sanyi ta ce masa: tsawaita addu'ar kaɗan, yashi zai ƙarasa aikin, ba mai cewa kai ka kashe shi.

Ashe a cikin addu'ar ma ana iya kisa.

Tsohon da ya koya masa addu'ar shiru a Lakwaja ya sha gaya masa: in tunani ya shigo, kada ka yi kokawa da shi. Kira sunansa, miƙa wa Ubangiji, ka koma inda kake. Da yunwa da kewar gida duk haka ya yi musu. Wannan kuwa sunan kawunsa ne, ya ƙi fitowa. Ya cije haƙora, ya tura shi waje, ashe da ƙarfi ya fito.

"Na Allah! Na Allah ne!"

Furera ta ƙwalla ƙara ta zube. "Ya gani! Ya ce ya zama na Allah! Wayyo, mai gidana ya tahi!" Mata suka ɗauki kukan mutuwa, wasu maza har sun fara salati.

Dauda ya zabura, idanu jawur. "Wa ya ce muku ya mutu? Ku rufe mini baki! Shiru!"

Tsawar ta sa kowa ya ƙame. A cikin shirun nan, daga can ƙasa, wata murya kamar ta ɗan akuya ta taso.

"Na'am... wa ke kirana?"

Dauda ya tofar da yawu, ya tuɓe riga. "Gidaɗo, kai mai baki, riƙe igiya. Ka sake ni, fatalwata ta bi shanunka ɗaya ɗaya."

Ya sauka da itace huɗu ɗaure a baya, yana tokarewa, yashi na zubo masa a ka. Ya tarar da tsohon binne har ƙirji, wani gungume ya gitta a samansa ya kare shi. Da hannu ya yi ta tono har faratansa suka yi jini.

"Kai ne, ɗan nan?" Na Allah ya ce, yana haki. "Ka yahe mini ke nan?"

"Ɗaga hammata. Ban yahe ba. Na dai miƙa ka inda ya fi ƙarfina."

Aka jawo tsohon, aka jawo Dauda. Dauda bai gama kakkaɓe yashi daga gemunsa ba sai ga wani baƙo a kan raƙumi, bakin raƙumin duk kumfa, kafaɗar mutumin ɗaure da tsumma mai jini. Ko sallama bai yi ba.

"Rundunar Nasara, Turawan nan, na tahe daga yamma, garuruwa na cin wuta a bayansu. An ce garin nan akwai mai addininsu. Wane ne?"

Mutane suka dare gefe biyu, suka bar Dauda shi kaɗai a tsakiya.