Ranar da Kurame Suka Juya wa Ɗan Takara Baya

Shekara tara ke nan ina tsayawa gefen mumbari duk Lahadi, ina fassara wa kuramen cocinmu wa'azi da hannu. Ƙanwata na cikinsu, a benci na biyu take zama.

Ranar da Fasto ya miƙa wa ɗan takara makirufo, na gane shi tun kafin ya buɗe baki. Shi ne ya rufe makarantar kurame lokacin yana kansila, ya mayar da ajin ƙanwata ofishin jam'iyya. Sau uku ina zuwa wurinsa ana ce min ya fita, alhali ga motarsa a ƙofa.

Ya fara da addu'a, ya ce Ubangiji ne ya aiko shi ya share wa marasa gata hawaye. Ban rage masa kalma ko ɗaya ba, duk na fassara. Da ya tsaya shan ruwa sai na ƙara tawa: "Wannan ne ya sa wa makarantarku kwaɗo."

Ƙanwata ce ta fara miƙewa. Su goma sha ɗaya suka juya masa baya, a gaban mai ɗaukar hoton da ya zo da shi.

Bayan sujada Fasto ya kira ni ofis, ransa a ɓace.

"'Yar'uwa, ramuwa ba taki ba ce, ta Ubangiji ce."

"Na sani, Fasto," na ce. "Shi ya sa na jira sai da ya shigo gidan Ubangiji da ƙafarsa."