Baƙuwar Na'ura a Sito

Sati uku Injiniya ta yi tana hawa tsani tana sauka kafin aikin ya kammala. A da, duk wanda ya shigo kamfanin buga kwalayen nan yana son intanet, sai a karanto masa lambar sirri daga wata takarda da aka manna a bayan ƙofar kicin. Wanda ya ga ramin waya a bango kuma ya soka tasa. Yanzu an daina. Sabon tsarin da ta kafa sai ya gane na'ura kafin ya buɗe mata: wannan firinta ce, wannan kyamarar bakin ƙofa ce, wannan kwamfutar manaja ce, kowacce ya tura ta layinta. Wadda bai sani ba ya bar ta a waje.

Ranar farko ta sha ƙorafi har kunnenta ya yi zafi. Zuwa rana ta uku kowa ya samu shiga, sai na'ura ɗaya. Kullum da ƙarfe ɗaya saura kwata za ta nemi shiga sau shida ko bakwai, a hana ta, ta yi shiru sai gobe. Tsarin ya nuna tsohuwar kwamfutar hannu ce, an yi shekaru ba a sabunta ta ba, kuma daga wajen sito take. Ba wanda ya zo ya ce tasa ce. Abin ya tsaya wa Injiniya a rai, domin ta irin waɗannan na'urori ne ɓarayin bayanai kan shigo.

Ranar Alhamis ta sauka da kanta. A bayan tulin kwalaye ta tarar da Baba Mai Sito, dattijon da ya fi kowa daɗewa a kamfanin, zaune a kan benci. Ya jingina na'urar da gwangwanin manne, gilashinta a tsage, yana danna ta da yatsa ɗaya. Abincinsa na gefe bai buɗe ba.

"Sannu da hutawa, Baba. Taka ce wannan?"

Ya yi sauri zai ɓoye ta, sai kuma ya fasa. "Tawa ce, 'yata. Laifi na yi ko?"

"A'a. Me kake yi da ita?"

Ya ce matarsa yake kira da ita. Shekara biyu ke nan da ɓarin jikinta ya shanye, maganar ma ta tafi. In ya fito aiki ƙanwarta ke zama da ita, da rana ta ɗaga mata waya su ga juna. Ba ta yarda ta ci abinci sai ta ga ya kai loma baki.

"To kwana ukun nan fa?"

"Ina kira da ƙaramar wayata, ta ji muryata. Amma ji ba ya isarta. Jiya cokali biyu ta ci."

"Haba Baba! Ai da ka hau ka faɗa mini."

"Na ga yadda suka taso ki a gaba. Na ce kar in ƙara miki."

Injiniya ta zauna a kan wani kwali, ta buɗe kwamfutarta a cinya. Sannan ta gaya masa gaskiya: ba za ta iya sa wannan na'urar a layin ma'aikata ba, ta tsufa, ko wane ne zai iya bi ta cikinta ya kai ga takardun kamfani. Ya gyaɗa kai, ya fara naɗe wayar caji.

"Tsaya mana, ban gama ba."

Akwai layin baƙi, wanda ba ya kaiwa ko'ina sai waje. Ta aika wa manaja saƙo mai layi biyu, ya amsa da to. Ta rubuta lambar na'urar, ta yi mata rajista da sunan Baba, ta ce ya sake dannawa.

Ƙara biyu aka ɗaga. Wata tsohuwa ta bayyana, an tallafe ta da matashi, bakinta ya ɗan karkace. Da ta gan shi sai ta ɗaga hannun hagu a hankali. Ta kuma kaɗa shi gefe, sau biyu.

"Gaishe ni take yi?" in ji Injiniya, tana leƙawa.

Baba ya yi dariya har da share ido. "Cewa ta yi ki matsa, kin tare mata ni."

Injiniya ta ja kwalinta baya, ita ma tana dariya. Ya buɗe kwanonsa, ya ɗaga cokali yadda za a gani sosai, ya ci. Can a ɗaya ɓangaren aka ji ƙanwar tana cewa, "Yawwa Yaya, buɗe bakin."

Da ta miƙe za ta tafi, ya ce gobe ta sauko da nata abincin, benci ya ishe su. Ta ce sai dai in zai rage mata nama. Ta hau sama, inda mai kula da injin yanka ke jiranta da wata sabuwar matsala.