Inna Ta Tsinci 'Yar Mutane

Jika ne ya kawo Inna ƙasar waje. Ɗanta na fari, wanda kowa ke ce wa Injiniya, ita kuwa ba ta taɓa kama sunansa ba, shi ya aika mata tikiti da matarsa ta haihu. Matar nas ce, hutun haihuwa na ƙarewa ta koma asibiti. An sa wa yaron sunan marigayi mijin Inna, shi ya sa take kiransa Maigida. Tun safe yana bayanta har iyayen su dawo. Ta yi masa wanka, ta mulke shi da mai, tana yi masa tsiya: "Maigidan banza, babu cefane babu ɗinki, sai ci da kashi." Shi kuma ya washe mata dasashi.

Ban da shi ba ta da kowa a garin. Bene ne mai hawa da yawa, ƙofofi iri ɗaya a jere, kowa ya shige ya datse tasa. Ta gaida mutane a matakala har bakinta ya gaji. Mai kirkin cikinsu shi ne wanda zai ɗan yi yaƙe ya mai da ido kan wayarsa. An yi mutuwa a ƙofar da ke kallon tasu, Inna ba ta sani ba sai da aka zo kwashe kaya, abin kuwa ya daɗe yana cin ranta.

Wata ranar aiki da hantsi ta fito zubar da shara, Maigida a goye, sai ta tarar da yarinya zaune a kan matakala tana kuka. Ba za ta wuce shekara huɗu ba. Takalmi ƙafa ɗaya, majina har baki, wando jiƙe da fitsari. Inna ta duba sama ta duba ƙasa, babu babba ko ɗaya.

"Ikon Allah. Wace irin uwa ce wannan? Taso, 'yar nan, taso."

Yarinyar ba ta ji ko kalma ba, amma ta miƙa hannu.

A inda Inna ta tashi, yaron da ke kuka a waje na duk wanda ya gan shi ne. Ka ɗauke shi, ka wanke, ka ba shi abinci, uwar ta biyo gida gida tana cigiya, ta sha faɗa, ta yi godiya ta tafi da abinta. Don haka Inna ta bar ƙofa a buɗe saboda uwar ta leƙo. Ta manta irin ƙofar nan ce mai rufe kanta.

Ta cire wa yarinyar jiƙaƙƙen wandon, ta wanke ta tas, ta zura mata wata tsohuwar rigar Nas, matar ɗan nata, da ta sauko mata har idon sawu. Ta haɗa mata shayi da burodi. Gashin ya cukurkuɗe, ga santsi, amma Inna ta dage sai da ta kama mata kitso guda biyu. Yarinyar ta yi wasa da yatsun Maigida, daga nan barci ya ɗauke ta a kan kujera. Tun zuwan Inna ƙasar ba ta yi farin ciki irin na ranar ba. Gida ya yi kama da gida.

Can ta ji jiniya. Ta leƙa ta taga ta ga motocin 'yan sanda, har da kare. "Allah ya kyauta," in ji ta, "ko wa ya yi laifi kuma?" Ta ja labule don kada hayaniyar ta ta da yaran.

Da aka buga ƙofar ta buɗe da fara'arta. Uwar ce ta fara kutso kai, ido jajur. Ta fizgi 'yarta, ta ɗaga rigar ta ga babu wando, ta shafa kitson, sai ta ƙwala ƙara. Inna kuwa har ta fara cewa, "Haba, ba komai, ai yi wa kai ne." Matar ta matso ta zazzaga mata magana a fuska, yawu na tartsatsi. Ba sai an fassara wa mutum zagi ba.

Aka kira Injiniya daga wurin aiki. Ya daɗe tsaye a bakin ƙofa da 'yan sandan, muryarsa ƙasa ƙasa, yana ta taɓa gefen kansa da yatsa. Inna ta ɗauka ciwon kai ya kama shi, har ta ji tausayinsa. Ba su tafi da ita ba.

"Inna, kin kashe ni," ya ce bayan ya rufe ƙofa. "Nan ba a taɓa ɗan wani. Ko faɗuwa ya yi a gabanki, waya ake bugawa."

"Wayar ce za ta share mata majina?"

"Satar yara suke kiran abin da kika yi. Za su kira mu ofishin kula da yara. Ni zan yi miki tafinta. Duk abin da na tambaye ki, ki ce haka ne."

Nas, da ita ma ta dawo, ta matso. Ta kwance Maigida daga bayan Inna ta shige ɗaki da shi.

Ofishin ɗan ƙarami ne, ga ɗumi, ga kayan wasan yara a kwando. Wata mata mai tabarau ta ba su wurin zama, ta ajiye waya a tsakiyar tebur ta danna. Sai ga muryar namiji ta fito da Hausa zar: "Sannu Mama, ina yini? Ni ne zan fassara muku."

Gaban Inna ya yi wani irin tsalle don murna. "Lafiya lau, ɗana! Kai ɗan ina ne?"

"Ku yi haƙuri, Mama, ba a yarda in faɗa ba."

Injiniya ya yi wuf ya ce wani abu cikin harshensu. Matar ta girgiza kai. Tafintan, da yake aikinsa ke nan, ya mayar da shi Hausa: "Ɗanku ya ce shi zai fassara. Ta ce ba a yarda dangi su yi ba." Inna ta waiwaya ta ga gumi a goshin ɗanta.

Aka tambaye ta yadda abin ya faru, ta faɗa dalla-dalla, har wace ƙafa ce babu takalmi. Matar ta ɗan dubi Injiniya ta saman tabarau, sannan ta yi magana mai tsawo. Tafintan ya yi gyaran murya.

"Mama, aikina in faɗa yadda aka faɗa. Ɗanku ya shaida wa 'yan sanda cewa tsufa ya taɓa muku ƙwaƙwalwa. Ya ce kun rikice, ba ku san abin da kuke yi ba. Idan haka ne, za a rufe maganar, amma ba za a ƙara barin ku da yaro ku kaɗai ba, ko da jikanku ne. Idan ba haka ba ne, magana za ta je kotu, shi ma za a tambaye shi dalilin da ya sa ya faɗi haka. Tana son ji daga bakinku."

Inna ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi. Ita da ake zuwa ɗauka daga unguwa zuwa unguwa idan haihuwa ta yi gardama, ita da ta riƙe ɗan nan nata da marayun ƙanwarta babu wanda ya taɓa ko ƙuna a hannunta, yau ita ce mahaukaciya, kuma a bakin wanda ta haifa. Ta dube shi. Takalminsa yake kallo.

"Inna," ya ce a hankali, "aikina. Zamana a ƙasar nan."

Tafintan bai fassara wa matar wannan ba.

"Haka ne," in ji Inna.

Ta ɗauka an gama. Ina! Matar na son komai daki-daki. Takan manta wuta a kunne? Haka ne. Takan fita ta kasa gane ƙofar gida? Haka ne. Yakan faru ta kalli jikanta ta kasa gane ko wane ne?

Maigida fa ake nufi. Yaron da take gane kukan yunwarsa da na barcinsa daga banɗaki, famfo na zuba.

"Mama?" in ji tafintan, muryarsa ta yi sanyi. "In sake maimaitawa?"

"Na ji ka, ɗana. Ce mata haka ne."

A mota Injiniya ya sauke ajiyar zuciya ya kwance maɓallin wuya. "Allah ya rufa asiri. Kin yi ƙoƙari, Inna. Magana ce kawai, wa ya san ki a nan?" Ya kunna rediyo.

Sati na zagayowa aka samar wa Maigida gidan reno. Da safen Nas ta shirya shi tsaf, ta rataya jakarsa. Yana ganin an nufi ƙofa ya fara zillo yana miƙa hannu. Inna ta taso da zanin goyo a hannunta.

"Kawo shi in lallashe shi, 'yar nan, ke ki je ki sa takalmi. Ko na minti ɗaya ne."

"Ba za a bar ku da shi ba, Inna."

"Ai kin san ƙarya ce. Ke kin sani, shi ya sani."

Nas ta gyara wa yaron hula, ta dube ta ido cikin ido. "Ni ban je wurin ba. An dai ce min da bakinku kuka faɗa."

Injiniya yana tsaye yana duba agogo. Ya zagaya kicin ya kashe gas daga tushe, ya dawo. "Sukan zo dubawa ba sanarwa," ya ce, bai kalle ta ba. "Dole su ga mun ɗauki mataki. Abincinki na cikin kula."

Suka fita. Ta ji an murza mukulli daga waje. Kukan Maigida ya bi matakala yana sauka hawa hawa, tana tsaye da zanin tana saurare. Na yunwa ne. Ba su ba shi ya ƙoshi ba.