Famfon Surukin Maigida

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma a garinmu Pekalongan ba a son mai tonon asiri.

A masana'antar rini ta maigidanmu Pak Darmadi akwai wani ɗan famfo da aikinsa shi ne ɗiga ruwan alam a dattin rini, don ya kwanta kafin a sake shi rafi. Surukin maigida, wato baban matarsa, shi ne ya ba shi kyauta. Ranar kafa shi har shinkafar kurkum aka dafa, aka yi addu'a. Ashe famfon ruwan sha ne mai cikin ƙarfe, alam ya cinye shi kafin damina ta fita. Yana nan yana ƙas-ƙas kamar agogo, ko ɗigo ba ya fitarwa.

Wa zai gaya wa maigida kyautar surukinsa ta mutu? Sai Mas Wagiyo, shugaban ma'aikata, ya ɗauke ni aiki. Ina zama bayan tanki da bokiti da ludayi, ina bin ƙarar famfon ina zuba alam. Da wannan nake ciyar da mahaifiyata.

Da aka gina sababbin tankuna biyu, wani dillali ya zo da famfuna masu cikin roba, waɗanda alam ba ya ci.

"Lastri, ga magajinki ya iso," in ji Mas Wagiyo. "Ba ya cin abinci, ba ya zuwa biki."



Pak Darmadi ya saurari dillalin, sannan ya ce, "Wagiyo, na Baba ya taɓa ba mu matsala?"

"Ko sau ɗaya, Pak."

Ya waiwayo kaina. "Ke yarinya, kullum kina kusa da shi. Me kika gani?"

Na dubi yatsun ƙafata. "Bai taɓa fashi ba, Pak, sai ranar da na yi zazzaɓi."

"Kun ji? Har tausayi gare shi." Ya sallami dillalin da shayi, ya ce a nemo biyu irin na Baba.

Da suka tafi, Mas Wagiyo ya daɗe yana sosa ƙeya. "Kina da 'yan uwa marasa surutu?"

Washegari da safe na zo da ƙanwata Tumini da 'yar maƙwabtanmu, na nuna musu inda ake tsugunawa ba a hango mutum daga ofis.